Kwana Huɗu a Istanbul

Shafi na 17

Masu turo min saƙo cewa Mersiha ta cika tsoro, duk na gani. Ku karanta wannan tukuna, sannan ku yanke mata hukunci.

*

Sau uku Mersiha tana wuce ƙofar ofishin sayar da tikitin jirgi ba ta shiga ba. A na huɗun ne Belma, 'yar ƙanwarta, ta hango ta ta gilashi ta taso da gudu.

"Inna! Gadin titi aka ba ki ne? Tun ɗazu nake ganin gilmawarki."

"Iska nake sha."

"A garin nan namu na Zenica? Da wannan hayaƙin masana'anta? Shigo don Allah."

Ta jawo mata kujera gaban teburinta, ta zuba mata kofi a ɗan ƙaramin kofin tangaran. Abokin aikinta ya fita cin abincin rana, ofishin daga su sai su. Mersiha ta riƙe kofin da hannu biyu ba ta kai baki ba.

"Saura kwana tara ku zama 'yan Amurka," in ji Belma tana dariya. "Ɗanki Anel ya kira ni jiya, wai har ya yi wa ɗakinku fenti. Baba Nusret fa? Ya gama rigimar sai an tafi masa da guduma da zarto?"

"Belma."

Yadda ta kira sunan ya sa yarinyar ta gyara zama.

"Na'am, Inna."

"Jirginmu a Istanbul zai yada zango, ko?"

"Eh. Awa biyu da minti arba'in, sai ku hau na Chicago. Anel zai tarye ku a can, ku wuce St. Louis a mota."

"So nake ki mayar min da awa biyun nan kwana huɗu."

Belma ta saki baki. Can ta tuntsire da dariya.

"Ke da Baba Nusret za ku sake amarci? Mutumin da ko Sarajevo aka ce ya je sai ya kwana yana mita?"

"Ni kaɗai."

Dariyar ta tsaya.

"Ke kaɗai kamar yaya?"

"Shi ya wuce. Ni in biyo shi bayan kwana huɗu. Kuma kada ya sani sai mun sauka can."

Belma ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ture kofinta gefe, ta fara lissafa mata da yatsu.

"Inna, bari in faɗa miki yadda abin yake. Na ɗaya, tikitin nan mai rahusa Anel ya saya, irin wanda in an taɓa shi sai an biya tara, a biya cikon kuɗin sabon jirgi. Na biyu, ke da Baba Nusret a lamba ɗaya kuke, sai na raba ku kafin in taɓa naki. Na uku, Anel ne ya biya, duk abin da na canza a nan, kafin ki kai gida saƙo ya shiga wayarsa."

"Ba yadda za a hana saƙon?"

"Kora kike so a yi min?"

Mersiha ta sunkuyar da kai.

"To in na sauka kawai fa? In na fita daga filin jirgin ban hau na biyun ba?"

"Sauran tikitin ya mutu nan take. Su sauke akwatinki, su tashi su bar ki. Kuma Inna, kin manta bizarki? Ranar sha tara ga wata take ƙarewa. In ba ki taka ƙasar Amurka kafin ranar ba, shekara uku da Anel ya yi yana fafutukar takardu sun tafi a banza."

"Na sani."

"Gidan kuma kun sayar."

"Na sani, Belma."

"Ran Juma'a masu shi za su karɓi makulli."

"Na ce miki na sani!"

Kofi ya fantsama a bayan hannunta. Ba ta ko ji zafinsa ba. Belma ta miƙo mata takardar goge hannu, muryarta ta yi ƙasa.

"A cikin awa biyun ba zai yiwu ba? In saƙo ne za ki ba wani..."

"Na tambaya. Daga filin jirgin zuwa inda za ni, awa ɗaya da rabi ne in hanya ta yi kyau. Sai an ƙetare ruwa."

"Ina ne inda za ki?"

"Asibiti."

Belma ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Ba ki da lafiya? Mama ta sani?"

"Lafiyata ƙalau."

"To wa ke asibiti?"

Mersiha ta waiwaya ta dubi ƙofa. Ta dubi titi. Shekara shida maganar nan tana cikinta, ko a sujada ba ta taɓa furta ta da ƙarfi ba. 

"Kawunki Fadil."

Belma ta ƙura mata ido.

"Wane Fadil?"

"Kawu nawa gare ki?"

"Inna, Kawu Fadil ya rasu a yaƙi. Ba a haife ni ba ma. Hotonsa na falon Mama. Sunansa na jikin dutsen shahidai, ni da kaina na sha kai furanni."

"Yana raye."

"Inna..."

"Yana raye, Belma. Shekara talatin da ɗaya yana Istanbul da wani suna, yana gyaran takalma. Bayan rasuwar kakarki da mako biyu ya kira ni. Da na ji muryar, a tsakar kicin na zube."

Belma ta tashi tsaye, ta koma ta zauna. 

"To me ya hana shi dawowa? Me ya sa kika ɓoye? Mama fa? Kullum Juma'a sai ta yi masa sadaka!"

"Saboda Senad."

Belma ta san sunan. Kowa a dangi ya san shi. Senad ƙanin Nusret ne, ɗan shekara sha tara, wanda aka tura gadi bakin daga tare da Fadil. Da gari ya waye aka tarar da gawarsa a cikin rami. Ta Fadil ba a gani ba, aka ce an tafi da shi an kashe.

"Ba a kama shi ba," Mersiha ta ce tana kallon tebur. "Da bakinsa ya faɗa min. Gudu ya yi. Ya bar yaron nan shi kaɗai."

"Wayyo Allah."

"Kin san Baban Anel. Duk shekara sai ya je maƙabarta ya karanta wa Senad Fatiha, ya juya ya karanta wa Fadil. Yana cewa tare suka tsaya, tare suka faɗi. Ni kuma ina tsaye a bayansa ina cewa amin. Shekara shida ina cewa amin, Belma, na san ƙarya ce."

"In ya ji..."

"In ya ji, ban san wanda zai fara kashewa ba, ni ko shi."

Ta goge ido da gefen ɗankwalinta.

"Ciwon daji ne a huhu. Matar da ke jinyarsa ta ce likita ya ba shi mako uku, wataƙila huɗu. In na ƙetare tekun nan shi ke nan. Zan bi ta saman kansa a jirgi, in zauna awa biyu ina shan shayi a garin da yake mutuwa, in tashi in wuce. Ke kya iya?"

Belma ta jawo kwamfutar gabanta ta fara dannawa, hawaye na ɗiga a kan maɓallan.

"Bari in duba. Ban yi alkawari ba, dubawa kawai zan yi. In kin sauka sha huɗu, dole ki tashi sha takwas, don sha tara ta yi kurkusa, in jirgi ya yi latti kin shiga uku." Ta sake dannawa. "Ranar sha takwas kujerun baya sun cika. Saura na gaba, na masu hannu da shuni."

"Nawa?"

"A kuɗinmu na nan, kusan marka dubu huɗu."

Mersiha ta yi wata dariya marar daɗi.

"Ko keken ɗinkina da na sayar, ɗari uku aka ba ni."

"Sha bakwai ma a cike. Sha shida babu jirgin da ya dace. Tsaya in buɗe naku in ga ƙa'idojinsa, wataƙila akwai wata kafa."

Ta buga lambar. Ta tsaya. Ta goge ta sake bugawa.

"Mene ne?"

"Tsaya, Inna."

"Me kika gani?"

"Sunanki kaɗai ne a ciki."

"Kamar yaya sunana kaɗai?"

"An riga an raba ku." Belma ta matso da fuskarta kusa da gilashin kwamfutar. "Ranar biyu ga wata. Lokacin ina hutu. Abokin aikina ne ya yi."

"Wa ya sa shi?"

Belma ta buɗe wani shafin, ta karanta, ta sa hannu ta rufe baki.

"Ki yi min magana, yarinya!"

"Baba Nusret ne ya zo da kansa. Ya biya da hannunsa." Ta juyo da kwamfutar. "Sarajevo zuwa Istanbul, sha huɗu ga wata. Istanbul zuwa Chicago, sha takwas."

Mersiha ta ƙura wa rubutun ido. Ba ta iya karanta harshen da ke jiki, amma ta san lambobi, ta kuma san sunan mijinta.

Kwana huɗu.

Shi kaɗai.

"Anel fa?" ta tambaya da ƙyar. "Kin ce saƙo na zuwar masa."

"Ya je masa tun ranar."

Kullum da yamma ɗanta yake kiranta. Ya tambaye ta magungunanta, ya tambaye ta ko ta sa hotunan kakanni a akwati. Ko sau ɗaya bai ce mata uffan ba.

Ta miƙe. Ta nufi ƙofa.

"Inna, kada ki je gida a haka. Bari in kira Mama."

"Kika kira ta, ban yafe ba."

*

Hawa na huɗu gidansu yake, kuma na'urar hawa bene ta daɗe da lalacewa. Ba ta san yadda ta hau matakalar ba.

Falon ya zama kango. An kwashe kujeru, an cire labule, bango duk shatin inda hotuna suka zauna. Nusret na tsugune a tsakiyar kwalaye yana ɗaure wani da igiya, gilashinsa a saman goshi. Bai ɗago ba.

"Kin sayo burodin?"

"A'a."

"To me kika fita yi tun safe? Ga miyar wake can na ɗumama, sai dai mu sha ta haka, cokali biyu kawai na bari a waje."

"Daga wajen Belma nake."

Hannunsa ya tsaya a kan ƙullin. Na ɗan lokaci kaɗan. Sannan ya ci gaba da ja.

"Tana lafiya?"

"Baban Anel, me za ka yi a Istanbul kwana huɗu?"

Ya ƙarasa ƙullin, ya yanke igiyar da wuƙa, ya naɗe ragowar a yatsunsa a hankali.

"Yarinyar nan bakinta bai da ƙofa. Halin uwarta."

"Tambayarka na yi."

"Likitan ido zan gani. Anel ya sani. An ce nasu sun iya aiki, ga arha."

"Idonka da ke zura min zare a allura?"

"Ya fara hazo."

"Shi ya sa za ka sa ni a jirgi ni kaɗai, ni da ko sannu ban iya da harshensu ba, in ƙetare duniya? Yaushe ka yi niyyar faɗa min? A bakin ƙofar jirgi?"

"Eh."

Amsar ta daki ƙirjinta.

"Eh ka ce?"

"Da na faɗa miki a nan, da kin yi abin da kike yi yanzu." Sai a lokacin ya ɗago ya dube ta. "Ke fa? Me ya kai ki buɗe tikiti?"

Ta taɓa kunnenta.

"Na je... gaishe ta na je yi."

"Mersiha, shekara talatin da uku muna tare. In za ki yi ƙarya, kunnenki na hagu kike taɓawa."

Ta sauke hannunta da sauri.

Ya miƙe yana dafa gwiwa, ya zauna a kan kwalin da ya ɗaure. Ya zaro taba ya riƙe bai kunna ba.

"Hawa na shida a asibitin," ya ce. "Ɗaki mai gado uku. Nasa ne na jikin taga."

Falon ya juya mata. Ta jingina da bango, ta sulale har ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Ba ruwanki."

"Tun yaushe ka sani, Nusret?"

Rabon da ta kira sunansa gatsau haka tun suna yara masu zance a bakin kogi. Shi ma ya ji, don sai da gashin girarsa ya motsa.

"Na sani. Ya isa."

Ta rarrafo ta kama ƙafar wandonsa.

"Don girman Allah. Don darajar iyayenka. Mutuwa yake yi, ko numfashi sai da roba a hanci. Me za ka ɗauka a jikinsa? Yaro ne shi ma a lokacin, shekararsa ashirin da biyu, tsoro ne ya kama shi. Ni ka hukunta, ni na ɓoye maka. Ka sake ni in ka ga dama, ka bar ni a nan a kan titi. Amma kada ka je ka..."

"In je in me?"

Ta kau da kai.

"Faɗi mana. In je in shaƙe marar lafiya da matashin kai? Haka kika ɗauke ni?"

"To me za ka je yi?"

"Shi ya kira ni."

Ta saki wandon.

"Ƙarya ne."

"Shi ya ce in zo. Shi ya ce kwana nawa. Kuma shi ya ce kada in zo da ke."

"Ƙarya kake yi! Yayana ne! Ranar Lahadi muka yi magana, kuka yake yana cewa yana so ya ga fuskata!"

"To ni abin da ya ce min ke nan."

"A ina ya samu lambarka? Mutumin da ko sunanka aka ambata sai muryarsa ta ɗauke?"

Nusret ya juya tabar a yatsunsa. 

"Ka ba ni kujerar," ta ce. "Ka koma wajen Belma a canza suna. Kai ka wuce wajen Anel, ni in tsaya."

"Ba a canza suna a tikiti. Na tambaya."

"Ka tambaya? Don me ka tambaya?"

"Don na so in fasa!" Ya daka tsawar da ta amsa a falon da ba kaya. "Kina tsammani daɗi nake ji? Sau biyu ina komawa ofishin nan in ce a mayar da shi yadda yake. Ina isa ƙofa sai in juyo."

Ta tsaya tana kallonsa. A tsawon aurensu ta ga fushinsa iri-iri, ta ga ranar da aka sallame shi daga masana'antar ƙarfe, ta ga ranar da aka binne uwarsa. Wannan fuskar ba ta taɓa gani ba. Gumi ne ke tsattsafo masa a goshi, ga taga a buɗe, ga sanyi.

Ba fushi ba ne.

Tsoro ne.

"Baban Anel," ta ce a hankali, "me ke tsakaninka da Fadil?"

"Tashi ki zuba mana miya."

"Me ke tsakaninku?"

"Na ce ki tashi. Ran Asabar ta sama za ki hau jirgi, ki sauka, ki hau na biyu, ki je wajen ɗanki da jikokinki. Bayan kwana huɗu in iso. Ba za mu sake tayar da maganar nan ba har mu koma ga Allah."

"In na ƙi fa?"

"Ki zauna a ina? Gidan wa? Da wace takarda?"

 Ya san ba ta da inda za ta.

A daidai nan wayarsa ta hau ruri a kan tagar kicin.

Su duka suka waiwaya. Ta fi shi kusa. Daga inda take ta hango lambar, doguwa, ba suna a jiki, amma ta san farkonta kamar yadda ta san ranar haihuwarta. Lambar ƙasar Turkiyya ce.

"Kada ki taɓa."

Ta miƙe.

"Mersiha, na ce kada ki taɓa!"

Ya yunƙuro, ƙafarsa ta harɗe da igiya, ya dafa kwali. Kafin ya daidaita ta riga ta fizgi wayar, ta danna, ta kara a kunne. Ba ta yi magana ba.

Tari ne ya fara zuwa, mai tsawo, mai cin rai. Sannan muryar yayanta, a dishe, yana jan kowace kalma kamar daga rijiya.

"Nusret... kai ne? Likita ya ce kada in sa rai da sha huɗu ga wata. In za ka iya matso da tafiyar, ka matso."

Ta danne bakinta da tafin hannu.

"Kana ji na? Kai kaɗai, kamar yadda muka yi. Kada Mersiha ta ji. Na gaya mata ni na gudu, ta yarda, ka bar ta a haka." Ya sake tari. "Saboda ita na ɗauka tun farko, tana da cikin wata takwas, ba zan bari a harbe mata miji kan gudu daga bakin daga ba. Amma na gaji, Nusret. Shekara talatin da ɗaya ina ɗauke da kayanka. Ka zo ka tsaya a gabana, ka faɗa da bakinka ko sau ɗaya ne, wa aka tura gadi tare da Senad a ranar, wa ya roƙe ni in ce ni ne."

Mersiha ta juyo a hankali, wayar na kunnenta.

Nusret na tsaye a tsakiyar kwalaye. Tabar ta faɗi daga hannunsa.

"Nusret?" in ji muryar. "Ka yi shiru. Wa ke kan layin?"

Ta sauke hannunta daga bakinta.

"Ni ce, Yaya."